Zane a bakin titi: yadda za ka fara zana mutane da wurare a Accra

Ranar da na fara buɗe littafin zane a bainar jama'a Laraba ce, ranar da kasuwar Nima ke ci. Na raɓe a jikin wani shago ina satar kallon wata Hajiya mai albasa, ina ɗan ja da fensir. Ko minti biyar ban yi ba ta ɗago kai ta ce, "Ɗana, lafiya? Masu karɓar haraji ne suka aiko ka?" Maƙwabtanta suka yo caa, kowa na son ganin abin da nake rubutawa. Na nuna takardar, aka ga buhun albasa da wani abu mai kama da mutum a gefensa, aka kwashe da dariya. Hajiya ta ce, "To ai da ka yi sallama tukuna." Ta sa wani yaro ya jawo mini benci.

Laifin nawa ne. Na shiga wurin sana'ar mutane na laɓe kamar mai neman abin ɗauka. Shi ya sa a wannan jagora maganar sallama za ta zo kafin maganar ma'auni da inuwa, don wanda bai samu wurin zama da yardar masu wuri ba, hankalinsa ba zai kwanta har idonsa ya ga abin da ke gabansa ba.

Abin da ake nufi da wannan zane shi ne ka je wurin da ƙafarka, ka zauna, ka zana abin da kake gani a lokacin, ba daga hoton waya ba. Akwai ƙungiyar masu wannan sha'awa ta duniya mai suna Urban Sketchers, wadda wani ɗan jarida mai zane, Gabriel Campanario, ya fara a birnin Seattle na Amurka a 2007, kuma babban sharaɗinsu ke nan: a yi zanen a wurin. Amma kallon kasuwa da cunkoson jama'a da idon mai zane ba baƙon abu ba ne a Ghana. Farfesa Ablade Glover, wanda aka haifa a nan Accra a 1934 ya kuma daɗe yana koyarwa a jami'ar KNUST ta Kumasi, ya yi suna ne da zanen kasuwanni da tashoshin mota da rufin kwanon gari. Duk wanda ya samu dama ya leƙa Artists Alliance Gallery da ya kafa a hanyar La, ya tsaya nesa da zanen nasa ya ga taron mutane, sannan ya matso kusa ya ga ashe ɗigo-ɗigon fenti ne kawai. Wannan darasi zai yi masa amfani a gaba.

Kayan aiki

Kada maganar kaya ta hana ka fita. Baƙin biro na Bic da littafin da ba shi da layi sun ishe ka wata uku na farko. Ni har yau da biro nake yin fiye da rabin zanena, saboda ba ya goguwa, kuma mai riƙe da abin da ba ya goguwa yakan duba sau biyu kafin ya ja. In ka sassauta hannu zai ba ka layi mai haske kamar na fensir, in ka danna ya yi baƙi ƙirin. Aibinsa ɗaya, tawada na taruwa a bakinsa ta ɓata takarda, sai ka riƙa goge bakin da ƙyalle.

In fensir ka fi so, duba rubutun da ke jikinsa. HB shi ne na tsakiya, na 'yan makaranta. Masu B sun fi laushi da baƙi, kuma yadda lambar ke hawa haka baƙin ke ƙaruwa. 2B guda ɗaya zai yi maka komai, 4B kuwa na inuwa ne. Sai dai zafi da gumin Accra abokan gaban fensir ne: gefen hannunka zai shafe abin da ka zana, don haka ka sa 'yar takarda a ƙarƙashin hannun. Abin gogewa bar shi a gida. Na san maganar ba ta da daɗi, amma mai koyo da ke da abin gogewa a aljihu yakan ƙare awa guda yana goge hanci ɗaya.

Littafin ya zama girman A5, wato rabin takardar da ake buga wasiƙa a kai, mai bango mai tauri da za ka iya ɗorawa a gwiwa ko ka riƙe a tsaye. Babban littafi yana jawo ido kuma cika shi wahala ne. Ka nemi abin maƙale takarda guda biyu saboda iska, musamman in za ka je bakin teku. In kana da niyyar sa launi na ruwa daga baya, duba nauyin takardar: ta ofis mai giram 80 za ta kumbura ta yage, mai 200 za ta jure kaɗan, mai 300 ita ce ta ainihi. Ka duba shagunan littattafai na wajen kasuwar Makola. Sai hula, da ruwan sha, da 'yan canji a aljihu, da takardu warwara kamar biyar, waɗanda za ka ga amfaninsu in an jima.

Maganar zana abu mai rai

Ba zan tsallake wannan ba, don a Zango ita ce tambayar farko da za a yi maka. Akwai hadisai ingantattu masu gargaɗi a kan yin sura. A Bukhari da Muslim an ruwaito wani mai sana'ar sura ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas, ya gaya masa gargaɗin, sannan ya ce masa in ba makawa sai ya yi, to ya yi bishiyoyi da abin da ba shi da rai. Malamai sun yi saɓani a kan zanen da ke shimfiɗe a takarda, da kuma surar da ba ta cika ba, kamar wadda ba a fitar mata da fuska ba. Wannan hukunci na malamin da ka yarda da iliminsa ne, ka je ka tambaye shi. Abin da zan iya cewa a matsayin mai zane shi ne, wanda ya zaɓi nisantar masu rai bai rasa abin zanawa ba a garin nan. Trotro kaɗai, wato ƙaramar motar haya ta cikin gari, da lanƙwasasshen ƙarfensa da kayan da aka ɗaure masa a baya, ya ishe shi shekara. Ga kwale-kwale, ga rufin kwano, ga tukwanen mai waake, ga bishiyar dogon yaro. Sai ya tsallake sashen mutane a nan. Wanda kuma ya ce maka kada ka zana shi saboda addininsa, ka ce to, ka juya shafi, ba a jayayya.

Mako guda a gida kafin ka fita

Ɗauki butar alwala ka ajiye a gabanka. Sa bakin biro a takarda, ka kafe idonka a gefen butar, ka bi gefen nan da ido a hankali kamar tururuwa na tafiya a kansa, hannunka na bin idon, ba tare da ka kalli takardar ba ko sau ɗaya. Minti biyu. Abin da zai fito zai ba ka dariya, amma duba da kyau: lanƙwasar mariƙin za ta fi kama da ta gaske fiye da duk wadda ka taɓa zanawa.

Dalilin shi ne, yawancin kuskuren mai koyo ba daga hannu yake ba. Yana zana abin da ya sani ne a maimakon abin da yake gani. Ya san bakin daro zagaye ne, sai ya zana da'ira, alhali daga inda yake zaune bakin ya baje kamar ƙwai a kwance. Ya san tebur na da ƙafa huɗu masu tsawo ɗaya, sai ya jera su, alhali na baya sun fi guntu a ido, ɗaya ma ba a ganinta. Kwana bakwai ka yi wannan, kullum abu uku: silifas a ƙofar ɗaki, kurfoti, kofin shayi, hannunka na hagu. Daga kwana na huɗu ka halatta wa kanka leƙa takarda, amma kallon abin ya ninka kallon takarda sau uku.

Wuri da lokaci

Accra na kusa da tsakiyar duniya, rana na fitowa wajen ƙarfe 6 ta faɗi wajen 6 kusan duk shekara, da tsakar rana kuma tana bisa kai, inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa, komai ya baje ba fasali. Lokacin zane biyu ne: daga 7 zuwa 9 na safe, sai bayan la'asar zuwa 5 da rabi. Na yamma ya fi kyan haske amma gajere ne, duhu a nan ba ya sallama, kana cikin zane za ka ji kiran magariba. Daga Afrilu zuwa Yuni, lokacin ruwa mai yawa, ka sa littafi a leda ka zaɓi wurin da ke da rumfa. Lokacin hunturu kuwa, daga Disamba zuwa Fabrairu, hazo kan yi maka rabin aiki: gine-ginen nesa su dusashe, na kusa su fito, ka ga da idonka abin da ake koya wa ɗaliban zane a aji, cewa abin da ya yi nisa haske yake yi.

Kada ka fara da kasuwa kamar yadda na yi. Fara da ƙofar gidanku, sai majalisar da kuke shan ataya, sai teburin mai shayi ko shagon telan da ya san ka. Bayan nan tashar trotro, kasuwa ta zo a ƙarshe. In ƙafa ta saba, ka je tsofaffin lungunan Sabon Zango, ko Jamestown wajen doguwar hasumiyar fitilar jiragen ruwa mai ja da fari. Jamestown ranar Talata ta fi, don bisa al'adar masunta ba a shiga teku ranar, kwale-kwale na kan gaɓa, mutane na zaune suna ɗinkin koma, babu mai motsi da yawa.

Akwai inda ba a zama da littafi: kewayen fadar shugaban ƙasa ta Jubilee House, barikin soja, ofishin 'yan sanda, filin jirgin sama, da ƙofar banki. Mai gadi ba zai tsaya bambance mai zane da mai leƙen asiri ba, kuma ba laifinsa ba ne.

In ka isa, nemi inuwa ka jingina bayanka da bango, don kada a tsaya maka a ƙeya ba ka sani ba, kada kuma babur ya kwashe ka. Duba inda inuwar za ta koma nan da rabin awa. Kada ka tare gaban kayan wani, kada ka zauna a bakin gota.

Sallama

Je wurin wanda ya fi kusa da inda kake son zama. Ka gaishe shi gaisuwa cikakkiya, ta gida da ta kasuwa, ba "sannu" ta wucewa ba. Sannan ka buɗe littafin ka nuna tsofaffin shafuka, ko da na buta da silifas ne, ka ce, "Baba, zane nake koyo, ina so in zauna nan in zana layin nan, in ba damuwa." Nuna littafin ya fi dogon bayani, yana kashe zargi nan take. In mai sayar da abu ne, saya: koko, ƙosai, ruwan leda, ko me ya samu. Wanda ya ba ka izini shi zai zama mai kare ka, in wani ya zo da tambaya kafin ka buɗe baki zai ce, "Ƙyale shi, zane yake yi." A unguwar da ba Hausa ake ji ba, ka koyi gaisuwa da godiya da harshen Ga ko Twi, ko kalma biyu ce tana buɗe fuska. In an nemi kuɗi kafin ka zana wani ko kwale-kwalensa, ku daidaita tun kafin ka fara, ko ka yi godiya ka matsa gaba.

Minti biyar na farko

Kada ka taɓa takarda tukuna. Tambayi kanka me ya tsayar da kai a nan. Laimar nan ce mai yagaggen gefe? Yadda rufin kwano ya hau kan juna? Tsohon nan da rediyonsa? Abu ɗaya za ka zaɓa, shi zai samu yawancin lokacinka da baƙin tawadarka, saura su yi masa rakiya. Mai son ya zana Nima gaba ɗaya a shafi guda zai tashi da shara.

Sai ka nemo layin idonka. Riƙe biro a kwance daidai idanunka, ka ga inda ya yanke abin da ke gabanka, wataƙila tsakiyar ƙofar shago, wataƙila saman tebur. Ja wannan layi a takarda da sassauci, daga gefe zuwa gefe. Duk sirrin zanen titi na jikin layin nan. Duk layin da ke tafiya nesa da kai, in yana sama da idonka, kamar bakin rufi ko wayar lantarki, gangarowa yake yi zuwa layin. In yana ƙasa, kamar bakin gota ko gindin bango, haurowa yake yi zuwa gare shi. Ƙwaƙwalwarka za ta yi gardama, ta ce ai rufi ba ya gangarowa. Karkata biron a iska ya bi bakin rufin kamar hannun agogo, ka ga ƙarfe nawa ya nuna, ka kawo wannan karkatar kan takarda yadda take.

Awo kuma haka ake yi: miƙe hannu sosai, gwiwar hannu ba lanƙwasa, rufe ido ɗaya, ka daidaita kan biron da saman ƙofa, ka sa babban yatsa inda ƙofar ta ƙare. Wannan ya zama mudunka. Faɗin shagon ƙofa nawa ne? Tsawon turken lantarki ƙofa nawa? In ka lanƙwasa hannu tsakanin awo da awo, mudun ya canza, komai ya rushe.

Yanzu ka zana manyan siffofi kawai, da layi mai haske: kwantenar shago akwati ce, laima rabin ƙwarya ce, trotro akwati ne mai gogaggen goshi. Ka tabbata duk sun samu wuri a shafin kafin ka shiga ƙananan abubuwa. Wanda ya fara da kwaɗon ƙofa zai tarar rufin ba shi da wurin zama.

Mutane

Ga abin da ya fi ba ni mamaki da na fara gane shi. In kana tsaye a wuri mai shimfiɗa, kawunan manyan mutanen da ke tsaye, na kusa da na nesa, duk kusan a kan layin idonka suke. Ƙafafunsu ne ke hawa sama yadda suke nisa. Don haka in za ka cika titi da jama'a, jera kawuna a layi ɗaya, na kusa babba, na nesa ƙarami, ka sauko da jikin kowa gwargwadon kansa. In kuwa a kan benci kake zaune, layin zai yanke masu tsayuwa ne a wajen ciki ko ƙugu, sai ka jera su ta nan.

Tsawon babban mutum ya kai kansa bakwai zuwa bakwai da rabi, kuma tsakiyar tsawon na wajen kwatangwalo, ba cibiya ba. Masu koyo kan yi kai ƙato da ƙafafu gajeru, sai dattijo ya koma yaro, domin yaro ƙarami shi ne mai kai huɗu ko biyar. In kana shakka, rage kan.

Mu a Zango mun yi sa'a da sutura. Babbar riga, jallabiya, dogon hijabi, duk siffa ɗaya ce daga kafaɗa zuwa ƙasa, ba sai ka sha wahalar gwiwa da ƙwauri ba. Ka kama karkatar kafaɗa da inda iska ta tura yadin, ka ƙara ninki biyu ko uku inda hannu ya tattaro shi, ka tsaya. Kada ka bi kowane ninki. Sannan ka duba ƙafar da nauyi ke kai: a mutumin da ke tsaye, tana ƙarƙashin wuyansa daidai. In ka kauce wa wannan, mutuminka zai zama kamar zai faɗi.

Amma ai ba sa tsayawa, in ji kowa. Gaskiya ne, sai dai akwai dabara. Fara da waɗanda Allah ya zaunar: masu buga dara ko ludo a majalisa, mai gyangyaɗi bayan azahar, da mai latsa waya, wanda ko gini bai fi shi haƙuri ba. A cikin trotro in go-sulo ya riƙe ku, ƙeyar na gabanka da hularsa kyauta ce. Daga nan ka koma ga masu sana'a, don mai sana'a maimaita motsi yake yi. Zauna ka kalli mai koko minti uku ba ka zana komai ba. Za ka ga motsinta uku ne: ta duƙa ta ɗebo, ta ɗaga ludayi ta zuba, ta miƙa ta karɓi kuɗi. Zaɓi ɗaya, misali zubawar. Duk sanda ta dawo kansa ka ƙara layi biyu, in ta bar shi ka koma kan bokiti da tebur, ka jira. Sau goma za ta dawo maka kafin layin masu saye ya ƙare. Tela a kan keke, mai tsire da wuƙarsa, mai wankin takalmi, duk haka suke.

Masu wucewa kuwa daƙiƙa goma gare ka. Kalli mutum kallo ɗaya mai kyau, ka sauke ido, ka ja layin bayansa daga ƙeya zuwa diddige, sai kai, sai abin da ya ɗauka. In ya ɓace kafin ka gama, jira wani mai irin tafiyarsa ka ara ƙafafunsa. Rabin mutanen da ke littafina haɗin gambiza ne, kan wani, jikin wani. 'Yan matan kayayo masu ɗaukar kaya a ka suna da kyan zanawa, wuya a miƙe, daro a daidaice, duk motsin a ƙugu yake. Amma neman abinci suke yi, kada ka tsayar da su, kuma in suna hutawa a inuwa ka nemi izini kamar yadda za ka nema wurin Alhaji mai shago.

Fuska ita ce ta ƙarshe, sau da yawa ma ba a buƙatarta. Daga nisan taku ashirin ba ka ganin ƙwayar idon kowa, inuwar ƙarƙashin gira da ta ƙarƙashin haɓa kawai kake gani. Zana wannan. Kuma namiji ya san inda zai kai idonsa: ƙura wa matar mutane ido da sunan zane neman fitina ne. A nan 'yan'uwa mata masu zane sun fi mu dama nesa ba kusa ba. Ke kina iya zama a tsakar gida ranar suna ko biki, inda ake tuƙa tuwo a manyan tukwane ana ƙunshi ana kitso, wurin da babu namijin da zai taɓa shiga da littafi.

Babban gini

Wata rana za ka so ka gwada Masallacin Ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a watan Yulin 2021, mai ginin irin na Daular Usmaniyya ta Turkiyya, da babbar ƙubba da hasumiya huɗu. Kada ka tsaya a gindinsa, ja baya har sai ka iya rufe shi duka da tafin hannu. Fara da akwatin ginin, ka kife ƙubbar a kai kamar ƙwarya, sannan ka auna tsawon hasumiya da mudun faɗin ƙubbar, don ido kan rage mata tsawo saboda tsoron ƙarewar takarda. Zobban da ke jikin hasumiya suna sama da idonka, saboda haka tsakiyarsu sama take lanƙwasawa kamar bakan gizo. Gindin bokitin da ke ƙasa da idonka kuwa ƙasa yake lanƙwasawa. Mutane da yawa kan juya wannan. Tagogi kada ka ƙirga su, zana uku sosai, saura ɗigo ya wadatar. In an kira salla rufe littafi ka bi sahu, ranar Juma'a kuma ba ranar wannan aiki ba ce.

Inuwa da launi

Runtse ido har abubuwa su dusashe. Za ka ga kashi uku ne kawai: mai haske, matsakaici, mai duhu. Farin takarda shi ne haske, kada ka taɓa shi. Mai duhu yana cikin ƙofar shago, ƙarƙashin mota, ƙarƙashin laima, kuma a nan za ka danna biro ba tsoro, domin zanen masu koyo yawanci toka-toka yake fitowa saboda jin tsoron baƙi. Inuwa tafiya take yi, don haka ka zana iyakarta duka a lokaci ɗaya, ka cike daga baya ko ta matsa. Baƙar fata ba a cike ta da baƙi: bar haske a goshi da kan kunci da doron hanci, a nan kamannin suke.

Launi ba dole ba ne. In za ka sa, uku sun isa: ja mai ƙasa-ƙasa na tsatsar kwano, shuɗi, da rawaya. Tawadar biro ba ta cika narkewa da ruwa ba, kana iya shafa fentin ruwa a kanta. Da damina ba ya bushewa da wuri, ka bar littafin a buɗe, da hunturu kuwa kafin ka ɗebo wani ya bushe. Na sha tsoma buroshi a ragowar baƙin shayi in yi inuwa da shi, yana ba da ruwan ƙasa mai kyau.

Wayoyin lantarki su ne na ƙarshe, ja ɗaya da sauri, kada ka koma kai. Kada kuma ka cire su don zanen ya yi tsabta, Nima ba tare da wayoyinta ba wani gari ne daban. Haka rubutun jikin trotro da allon mai aski.

'Yan kallo, da tashi

Yara za su kewaye ka, wannan ba makawa. Wani zai sa yatsa a takarda, wani zai ce "Bai yi kama ba," kuma sau da yawa gaskiyarsa ne. Nan takardun warwara ke aiki: miƙa musu da fensir guda ka ce su zana wancan babur, za ka samu minti goma na shiru. Manya kuma za su ce "Zana ni." In kana da hali ka yi na minti biyar a takardar warwara, ka gaya masa tun farko cewa koyo kake, ka ɗauki hoton zanen da waya, ka ba shi. Wanda fuskarsa ta fito a zanenka, tambaye shi kafin ka sa a Facebook ko WhatsApp.

Minti talatin zuwa arba'in ya isa zama ɗaya. In ka ji ka fara ƙara layi don kawai hannu ya saba, tashi. Gefen da ba a gama ba ya fi wanda aka cushe. A ƙasan shafin rubuta kwanan wata da wurin da ƙarfe nawa, da wata magana da ka ji ana yi, ko farashin da aka yi ciniki a gabanka. Ka nuna wa mai wurin abin da ka yi, ka yi godiya, ka mayar da benci inda aka ɗauko shi.

A gida kada ka gyara komai, kada kuma ka yage shafi ko ya yi muni. Washegari ka buɗe ka nemi kuskure guda ɗaya tak, ka rubuta shi a bayan shafin: kai ya yi girma, rufi bai gangaro ba, na ji tsoron baƙi. Da wannan guda ɗayan za ka fita zama na gaba. Bayan wata guda ka koma wurin farko, benci ɗaya, lokaci ɗaya, ka sake zana shi, ka ajiye shafukan biyu gefe da gefe. Ni da na koma wurin Hajiya mai albasa da na biyun, ta karɓi littafin ta nisanta shi da idonta, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce buhun dai ya fito sosai, ita kuma in dawo wata Larabar.